Kalmar "preen": ku kula kafin ku jefa wa mutum

Masu koyon Turanci, asalin kalmar na tsuntsu ne. Ita ce gyaran da yake wa gashinsa da baki: ya lakato mai daga wani ɗan ƙullutu a gindin wutsiyarsa, ya bi gashin ɗaya bayan ɗaya yana shafawa yana cire datti da ƙwari. Ku lura da agwagwa bayan ta fito daga ruwa.

In aka faɗa wa mutum kuwa, yawanci ba yabo ba ne. Ana nufin mai yanga, wanda ya daɗe gaban madubi yana ji da kansa. Kada ku yaba kwalliyar amarya da ita, zolaya za a ɗauka.

Ku ja wasalin tsakiya, "priin". Wasu kan rikita ta da "prune", wato sassabe rassan bishiya.