Yadda Ake Haska Fim ɗin Paa a Ƙauye Don Buɗe Zancen Yara Masu Ciwo

Mutanen karkarar Kano da Jigawa ba baƙin fim ɗin Indiya ba ne. Malamin asibiti ko ƙungiyar matasa da ke son a yi maganar yaran da aka haifa da ciwo za su iya tara gari da fim ɗin Paa na 2009. Amitabh Bachchan, yana da shekara 67 a lokacin, shi ya fito a matsayin Auro, yaro ɗan shekara 12 mai ciwon tsufa da wuri, wanda likitoci ke kira furojeriya. Ɗan Amitabh na cikinsa, Abhishek, shi ne uban a fim ɗin, Vidya Balan kuma uwar.

Kafin komai, masu shiryawa su zauna su kalle shi daga farko har ƙarshe. Iyayen Auro ba su yi aure ba aka sami cikinsa, uban ya nemi a zubar, uwar ta ƙi. A ƙarshe kuma yaron ya rasu. Duk wannan a faɗa wa dagaci da liman tun ranar neman izini, kada su gani a bango hankalinsu ya tashi a watse taro. A yarda da su kan wuraren da za a tsallake. A Kano, a tuntuɓi Hukumar Tace Finafinai kan ƙa'idar nuna fim ga jama'a.

Lokaci mafi kyau shi ne rani, bayan an gama kai amfani gida, bayan sallar isha'i. A guji dararen farin wata, domin hasken yana disashe hoto. Filin makarantar firamare ya fi ƙofar gidan wani. A shimfiɗa tabarmin mata a gefe ɗaya, na maza a ɗaya, yara a gaba.

Kayan aiki ba su da yawa: majigi, kwamfuta ko waya mai ɗauke da fim ɗin, lasifika da makirfo, farin yadi mai faɗin mita uku, doguwar wayar wuta da ƙaramin janareta. Majigi yakan ci wat 200 zuwa 300, don haka ƙaramin janareta ya ɗauke shi har da lasifika, muddin ba a bari jama'a sun jona cajin waya ba. Lita huɗu na fetur ya isa, tunda fim ɗin ya ɗan haura awa biyu. A ɗaure yadin ta kusurwa huɗu a jikin bango, in ba haka ba iska za ta riƙa kaɗa shi. A ajiye majigi a kan tebur kamar mita huɗu daga yadin, a matsa gaba ko baya har hoto ya cika.

Janareta a kai shi nesa, kamar mita ashirin, inda iska ke tafiya da hayaƙin. Kada a kuskura a sa shi cikin zaure ko aji don rage ƙara, hayaƙinsa yana kisa ba tare da mutum ya farga ba. A tashe shi ya daidaita kafin a jona majigi, a sa sitabilaiza a tsakani, domin hawa da saukar wuta ke ƙona fitilar. Ƙurar hunturu tana toshe ragar iska, majigi ya yi zafi ya kashe kansa ana tsakiyar kallo, saboda haka a kakkaɓe ragar da rana. In an gama, a bar fankarsa ta tsaya kafin a zare wuta.

In ba a sami mai fassarar Hausa ba, a sa wanda ya san labarin ya riƙe makirfo. A riƙa tsayar da fim kamar kowane minti goma sha biyar ya taƙaita abin da ya wuce, kada ya yi ta magana a kan muryar 'yan wasa.

Aikin gaske yana bayan kallo, kuma malamin asibiti ne zai yi shi. Ya bayyana cewa ciwon Auro gaskiya ne, amma da wuyar samu ƙwarai, kamar haihuwa ɗaya cikin miliyan huɗu. Ana haihuwar yaron lafiya lau, cikin shekara biyu na farko sai girma ya tsaya, gashi ya zube, fata ta yamutse. Hankalinsa kuwa ƙalau yake, shi ya sa Auro ke zuwa makaranta yana wasa da abokai. Yawancinsu ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ke ɗaukar su wajen shekara 14. Asalinsa canji ne a ƙwayar halitta guda ɗaya, wanda ke aukuwa ba da laifin kowa ba. Ba maita ba ce, ba sammu ba, ba kuma wani abu da uwa ta ci da ciki ba. Wannan jimlar a maimaita ta, domin uwa ce kan sha zargi a gidan miji.

Daga nan ya juyo kan abin da ke cikin garin, wato sikila. Idan miji da mata duka AS ne, wato suna ɗauke da ƙwayar sikila ba tare da ciwon ba, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS, wato mai sikila, kuma haihuwar mai sikila ɗaya ba ta nufin uku masu zuwa sun tsira. Rabin abin daga uba yake, rabi daga uwa. Gwajin jini kafin a sa rana shi ke bayyana haka.

Kada a nuna wani yaro a wurin a ce ga misali, kada a ambaci gidan kowa. Mai tambaya a kan ɗansa ya sami malam a asibiti washegari. Yaron da ba ya girma, ko idonsa ke yin rawaya, ko hannu da ƙafarsa ke kumbura da ciwo, a rubuta masa takardar turawa zuwa babban asibitin ƙaramar hukuma. Daga can ake wucewa Asibitin Malam Aminu Kano ko na yara na Hasiya Bayero, mutanen Jigawa kuma Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse ko na tarayya da ke Birnin Kudu.