Kafin ka karɓi makullin motar rabon kaya a Ingila

Duk wanda ya kwana biyu a Ingila yana neman abin yi, sai an ce masa: “Ai ka iya tuƙi, me zai hana ka shiga rabon kaya?” Shawara ce mai kyau, amma masu ba da ita kan tsaya a kan kuɗin da ake samu a rana, su manta da abin da ke fita daga ciki. Ɗan'uwa, ga abin da za ka tarar.

Fara da bizarka, domin a nan ne mutanenmu suka fi faɗawa rami. Akasarin masu rabon kaya na kamfanoni irin su Evri da tsarin Amazon Flex ba ma'aikatan kamfanin ba ne, a doka masu zaman kansu ne, ana biyan su bisa abin da suka raba ko sa'o'in da suka ɗauka. Bizar ɗalibi kuwa ta haramta sana'ar zaman kai ɗungurungum. Sa'o'i 20 ɗin da aka yarje wa ɗalibi a mako na aikin albashi ne a ƙarƙashin wani, ba na wannan ba. Wanda ya gama karatu ya koma bizar da ake bai wa masu digiri, shi an buɗe masa ƙofa. Idan wani ya ce zai ba ka hayar asusunsa na kamfanin rabon kaya ka yi aiki da sunansa, ka gode masa ka wuce. Ranar da asiri ya tonu, zamanka a ƙasar ne zai tafi, ba nasa ba.

Sai lasin. Lasin Najeriya ko na Nijar yana aiki wata 12 kacal daga ranar da ka zama mazaunin ƙasar, kuma ba a musanya shi da nasu. Dole ka nemi lasin koyo daga DVLA, hukumar ba da lasin tuƙi, ka ci jarrabawar rubutu, sannan ta tuƙi, wadda samun ranarta kan ɗauki watanni. Kada ka jira wata na goma sha ɗaya. Wasu kamfanonin ma ba sa kallon lasin waje tun farko. Za su nemi lambar inshorar ƙasa, wato lambar da hukuma ke ba mai aiki don harkar haraji, da shaidar izinin aiki, su kuma binciki ko an taɓa samun ka da laifi.

Idan da motarka za ka yi aikin, inshorar zuwa kasuwa da masallaci ba ta ɗauke ka ba. Akwai ta musamman ta masu ɗaukar kaya don a biya su, kuma tana da tsada ga sabon direba. Aka kama ka ba ita, tamkar ba ka da inshora ne: tarar fam 300, makin laifi 6 a lasinka, kuma 'yan sanda na iya ɗauke motar. Riƙe waya a hannu kana tuƙi ma maki 6 ne da fam 200. Wanda bai cika shekara biyu da cin jarrabawa ba, maki shidan nan kaɗai sun isa a soke lasinsa, ya koma ɗan koyo. To ga shi aikin kacokan a waya yake. Sayi abin maƙala ta a jikin gilashi tun ranar farko.

Ranar aiki a defo, wato ma'ajiyar kayan kamfani, take farawa, galibi da sanyin safiya. Za a nuna maka tarin kwalaye, ka bi su ɗaya-ɗaya da na'ura, ka loda da hannunka. A cikakkiyar rana da babbar mota, tsayawa fiye da ɗari ba abin mamaki ba ne. Minti ashirin ɗin lodin nan su ne ranar gaba ɗaya. Kayan gidajen farko su zauna kusa da ƙofa, na ƙarshe can ciki, ƙananan ambulan kuma a kwando ɗaya gefenka. A makona na farko na zuba su yadda suka zo, sai ga ni a bayan mota cikin yayyafi ina tona kwalaye da fitilar waya, ina neman wani ƙunshi da bai fi tafin hannu ba. Ashe ya shige ƙarƙashin buhun abincin kare.

Za ka gane da wuri cewa tuƙin shi ne ƙaramin ɓangare. Sauka, sassarfa, hawa bene, ɗaukar hoton kaya a bakin ƙofa, komawa. Takalmi mai kyau da rigar ruwa sun fi maka komai. A ƙauyuka gidaje da yawa sunaye gare su, ba lamba ba, taswira ta kai ka tsakiyar gonaki ta ce ka iso. Kada ka cusa yatsu cikin ramin wasiƙa na jikin ƙofa, sau da yawa kare na laɓe a baya. Mai gida zai ce maka ba ya cizo. Kowa haka yake cewa.

Hannun hagu ake bi, wannan ka sani, amma a shataletale da lokacin fitowa daga lungu ne tsohon sabo ke dawowa. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne gudun babbar motar kaya bai kai na ƙaramar mota ba: mil 50 a awa a titin da ba a raba shi biyu ba, 60 a mai rabe, inda ƙananan motoci ke yin 60 da 70. A Wales kuwa tun Satumban 2023 mil 20 ne a yawancin titunan cikin gari. Ba ɗan sanda za ka gani ba balle ka ba shi haƙuri, kyamara ce, takarda kawai za ta biyo ka gida.

Yanzu zauna ka yi lissafi. Daga abin da aka ce za ka samu, cire mai, cire inshora, cire hayar mota idan haya ce, cire taya da birki. Tsohuwar mota mai hayaƙi na biyan fam 12.50 kullum a Landan, fam 8 a tsakiyar Birmingham. Wasu kwangilolin na zare maka kuɗi kan kayan da suka ɓata ko motar da ta kurje, don haka ka karanta kafin ka sa hannu, ka kuma ɗauki hoton motar ta kowane gefe kafin ka tayar. Mai zaman kansa ba a cire masa haraji daga tushe. Shekarar haraji na ƙarewa 5 ga Afrilu, rajista da hukumar haraji ta HMRC kafin 5 ga Oktoba, biya kafin 31 ga Janairu. Kuɗin da ke shigowa asusunka duk mako akwai rabon hukuma a ciki, ware shi gefe kafin ka tura gida. Na ga wanda ya yi ta aike har ya fara gini, Janairu ta zo ya koma neman rance. Ajiye rasit, rubuta mil ɗin da ka yi kullum.

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Kirsimeti kaya kan yi ambaliya, kuma lokacin ne rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu. Azahar da La'asar da Magariba duk suna faɗowa cikin sa'o'i huɗu, kana tsakiyar rabo. Fita da alwala, sa darduma da gorar ruwa a mota, ka san manyan kantuna da masallatan da ke kan hanyarka, domin samun bayan gida babbar matsala ce a wannan aiki. Wani ƙunshin kuma barasa ce a ciki, har a ce ka duba shekarun mai karɓa. Idan zuciyarka ba ta kwanta da hakan ba, ka tambayi mai kula da ku tun ranar ɗaukar aiki ko akwai yadda za a yi, kada ka bari sai kwalin na hannunka a bakin ƙofar mutane.