Yadda Ake Dama Buros, Karin Kumallon Ƴan Ƙwadagon Gonakin Sikotlan

A zamanin Sarauniya Biktoriya, daga 1837 zuwa 1901, ladan ɗan ƙwadagon gona a ƙauyukan Sikotlan ba kuɗi ba ne kaɗai. Sau biyu a shekara, a Mayu da Nuwamba, ake cin kasuwar ɗaukar ma'aikata, kuma a wurare da dama cikin sharaɗin akwai garin hatsin ots kimanin kilo 8 a mako, da madara kullum. Magidanci kan samu ƙarin ɗaki da dankali, matarsa da yara su taya aikin gona. Gwauraye kuwa ɗaki guda ake tara su, su suke yi wa kansu abinci. Wanda zai tashi wajen ƙarfe 5 na asuba ya ba dawaki abinci ba shi da lokacin tsayawa kan tukunya, shi ya sa suka riƙe buros, wato garin ots da ake kwarara wa tafasasshen ruwa, wanda ba a ɗora shi a wuta. Ga mai sammakon zuwa kasuwar Kejetia daga unguwar Aboabo ko Asawase a Kumasi, ya fi shayi da burodi riƙe ciki nesa ba kusa ba.

Na mutum ɗaya: ots cokali 4 manya a cike, gishiri ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka, man shanu rabin ƙaramin cokali, da ruwa cikin ƙaramin gwangwanin madara ɗaya.

A fara da gyaran ots ɗin, don nan ne mafi yawan matsala take. Nasu niƙaƙƙe ne tsaki-tsaki, namu na shago kuwa an turara shi an matse shi ya yi fale-fale, yana jin ruwan zafi sai ya yi danƙo. A zuba shi a busasshen kasko kan ƙaramar wuta minti 3 zuwa 4 ana juyawa har ƙamshi ya tashi. Ya huce, sannan a ɗan daka a turmi. Kada ya koma gari lilis.

A ɗauraye kwano da ruwan zafi ya ɗumama. Su akushin katako suke amfani da shi saboda yana riƙe zafi. A zuba ots da gishiri da man shanu, a kwarara ruwa yana kan tafasa, daga wuta kai tsaye. Ruwan filas ba ya yi, garin zai fito ɗanye da gafi a baki. A juya da ƙotar cokali sau kaɗan kawai, a bar ƙananan gudaji, haka ake son sa. Yawan juyawa ke jawo yauƙi, yawan ruwa kuma ya mai da shi koko. A rufe da faranti minti 5, a zuba madara mai sanyi a gefe, a ci da cokali.

A wancan zamani, a gidajen masu iyali akan yi shi da ruwan da aka dafa ganyen kel, wani dangin kabeji da suke shukawa a lambun gida. Ruwan dafaffen kabeji zai tsaya a madadinsa, sai a rage gishiri.

Ots na da mai a jikinsa, iska da danshi ke sa shi ɗaci. Su a akwatin katako suke danne garin sosai don kada iska ta shiga. A danshin Kumasi, a sa shi a roba mai murfi ƙam, a riƙa soya na mako ɗaya kawai.