Kurakuran da dogo mai jiki ke yi wajen sayen allon hawan igiyar ruwa na farko

Mutum mai tsawon ƙafa 6 da nauyin kilo 100 yakan shiga shago idonsa na kan irin allon da ya ga 'yan gasa suna hawa, wanda tsawonsa bai wuce ƙafa 6 ba, mai tsinin baki. Girman irin wannan allo yakan tsaya tsakanin lita 25 zuwa 30. Idan mai kilo 100 ya kwanta a kansa sai allon ya nutse, ya yi ta tuƙi da hannu ba ya gaba, igiyar ruwa ta zo ta wuce ta bar shi.

Tushen kuskuren shi ne auna allo da tsawo kaɗai. Lambar da ya kamata a fara nema ita ce lita, kuma masu ƙera allo sukan rubuta ta a jikinsa, kusa da tsawo da faɗi da kauri. Kowace lita ɗaya tana ɗaga kusan kilo ɗaya a kan ruwa. Saboda haka masu koyarwa sukan ce ɗan koyo ya nemi allon da litarsa ta yi kusa da nauyinsa a kilo. Mai kilo 100 ya duba daga lita 90 zuwa sama, abin da yawanci ke nufin tsawon ƙafa 9, faɗin inci 23 zuwa 24, kaurin inci 3 da rabi ko fiye. Allon soso, wato mai laushin sama, samfurin Wavestorm mai ƙafa 8, wanda 'yan koyo suka fi saya a Amurka, lita 86 ne. Ya ishi mai kilo 75, amma ga mai kilo 105 ya yi kaɗan, ko da mai shago ya rantse.

Tsawon mutum yana da nasa matsalar. A kan gajeren allo ƙafafun dogo suna reto a baya suna jan ruwa. In ya matsa gaba don ya gyara, bakin allon ya caki ruwa ya kifar da shi. In ya ja baya, bakin ya ɗaga sama, allon ya ƙi gudu. Alamar kwanciya daidai ita ce yatsun ƙafa su kai wutsiyar allon, bakinsa kuma ya ɗan ɗaga inci 2 zuwa 3 daga ruwa. Wanda bai samu wannan daidaito ba duk inda ya kwanta, allon ne ya yi masa gajere, ba laifin hannunsa ba ne.

Wasu kuma sukan wuce gona da iri, su sayi allon tuƙi a tsaye mai faɗin inci 30 ko fiye. Wannan ba don kwanciya aka yi shi ba. Hannu ba ya kaiwa ruwa sosai, ɗaukarsa a hammata wahala ne, kuma in igiyar ruwa ta ƙwace shi haɗari ne ga duk wanda ke kusa.

Raina allon soso ma kuskure ne. Mai nauyi yana faɗuwa da ƙarfi, allon faiba mai tauri kuwa yana fasa goshi, gwiwa ma tana lotsa samansa. Sai dai a kula, soso mai arha yana lanƙwashewa ƙarƙashin mai jiki, ya rage gudu. A tambayi sandunan ƙarfafawa nawa ne a cikinsa, uku sun fi ɗaya. Idan na hannu ne, a danna samansa da tafin hannu: wurin da ya yi laushi ko ya kumbura ya saki daga soson ciki, allon da ya yi nauyi fiye da kima kuma ya sha ruwa.

Madaurin ƙafa, wato igiyar da ke haɗa ƙafar mutum da allon, ya kasance tsawonsa daidai da na allon, kaurinsa milimita 7. Siririn da 'yan gasa ke ɗaurawa tsinkewa yake yi a kan babban allo, gajere kuma yana dawo da allon kan fuskar mai shi. A ƙafar baya ake ɗaura shi. Kakin da ake gogawa a saman allo don hana santsi shi ma iri-iri ne, na ruwan sanyi narkewa yake yi a ruwan ɗumi irin na Legas.

Wanda ke kusa da Tarkwa Bay a Legas, ko Busua a Ghana, ko Ngor a Dakar, kada ya yi gaggawar saye. Ana ba da hayar allo a wuraren nan. Ya gwada mai ƙafa 8 da mai ƙafa 9 a rana ɗaya, cikin farin kumfan da ke gudu zuwa gaɓa, ya lura da wanda ya fi saurin ɗaukarsa. Bayan ya saya kuma kada ya bar shi cikin mota a rana, domin zafi yana ɓamɓare fatar allon daga sosonsa.