Kurakuran da baƙi ke tafkawa idan sun zo ɗan hutu Sitokholm

Duk wanda ya kira ni ya ce zai leƙo Sitokholm na kwana biyu ko uku, daga Landan ne, daga Jamus ne, ko daga gida kai tsaye, kafin ya gama bayani na riga na san inda zai yi tuntuɓe. Mutum ya yi wa babban birnin Suwidin irin shirin da ya saba yi wa Dubai ko Alƙahira, alhali garin nan ba haka yake tafiya ba. Na gaji da maimaita magana ɗaya a waya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne batun kuɗi. Suwidin tana cikin Tarayyar Turai, amma ba ta kashe yuro, kuɗinta krona ne. Wasu a nan suke faɗuwa. Wasu kuma sun san da krona, sai su je wajen 'yan canji su ciko aljihu da takardu, su iso garin da kusan kowa ya daina taɓa takardar kuɗi. Direban bas ba ya karɓar tsaba. Shagunan shayi da yawa, gidajen tarihi, har banɗakin tasha, kati suke nema. 'Yan ƙasa suna biyan juna da wata manhaja mai suna Swish, wadda sai mai asusu a bankin ƙasar yake iya buɗewa, don haka kai baƙo ba ka da rabo a ciki.

Wani ɗan'uwana ya taɓa zuwa da maiɗakinsa da yara, da bandir ɗin yuro a jaka da katin banki guda ɗaya tak wanda bai taɓa gwada shi a ƙasar waje ba. Katin ya ƙi. Ga shi tsaye a mashigar jirgin ƙarƙashin ƙasa cikin sanyi, yara na kuka, kuɗi fal a jaka amma ba za su sayi ko tikiti ba. Na bar aiki na je, kuma daga ranar har suka tafi, masauki da abinci da sufuri duk a kaina suka faɗa. Na daɗe ina jin raɗaɗin wannan wata a aljihuna. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na faɗa masa tun kafin ya taso, ya ce ai kuɗi kuɗi ne a ko'ina. To, ba a nan ba.

Ni abin da nake cewa kowa: kati biyu daga bankuna biyu, Visa ko Mastercard, irin wanda ake karawa a jikin na'ura ya biya. Ka tambayi bankinka ko katin na aiki a waje da kuma iyakar da aka sa masa, musamman idan na naira ne. Idan na'ura ta tambaye ka da wane kuɗi za a cire, zaɓi krona, canjin bankinka ya fi na na'urar sauƙi. Kuma idan wani ya zaro maka tsofaffin krona daga akwati ya ce ya rage daga tafiyarsa ta da, duba da kyau. Ƙasar ta sauya takardunta a 2015 da 2016, tsofaffin sun daina aiki a kanti.

Sai filin jirgi. Ba duk tikitin da aka rubuta wa Sitokholm ne ke sauke ka a Sitokholm ba. Arlanda, babban filin, yana da nisan kusan kilomita 40 arewa da gari. Skavsta kuwa, inda wasu jirage masu arha ke sauka, yana kusa da garin Nyköping, kimanin kilomita 100 kudu. Ka duba sunan filin kafin ka biya, ka lissafa kuɗin bas da awannin da zai ci maka zuwa da dawowa. Daga Arlanda akwai jirgin ƙasa mai gudu, Arlanda Express, da ke kai ka tsakiyar gari cikin minti 18, sai dai da tsada. Ni idan ba sauri nake ba, bas mai lamba 583 nake hawa zuwa Märsta, in shiga jirgin ƙasa na unguwanni, duka da tikitin SL, wato hukumar sufurin cikin gari.

Tasi kuwa, don Allah ku saurara. A Suwidin gwamnati ba ta ƙayyade kuɗin tasi, kowane kamfani ne ke yanka nasa farashin, kuma doka ta yarda. Abin da doka ta tilasta shi ne a manna takardar farashi mai ruwan ɗorawa a gilashin ƙofar baya. Ba ado ba ce, karantawa ake yi. 'Yar wani aminina da aka ba ni amanarta ta sauka da dare, wani ya tare ta ya ɗauki jakarta, ta bi shi don kunyar musu. Abin da aka cire mata ya fi kuɗin jirgin da ya kawo ta, kuma ni na cike mata, don ba zan iya kallon idon mahaifinta ba. Haba jama'a! A tasha a gida ba wanda ke shiga mota bai tambayi nawa ne ba, me ya sa idan an ga Bature sai baki ya mutu? Tambayi farashi kafin ka zauna, ku yi tsada, in bai yi maka ba ka wuce motar gaba.

Abu na gaba da mutane ke rainawa shi ne rana. A ƙarshen Disamba rana na fitowa wajen tara saura kwata, ta faɗi kafin ƙarfe uku. Wanda ya yi barci har goma, ya yi wanka, ya karya a natse, ya fito ya tarar hasken ranar ya kusa ƙarewa. A lokacin sanyi ni da safe nake kai baƙi yawon waje, Gamla Stan, wato tsohon gari, da lungunansa, bakin ruwa, in duhu ya yi sai mu shiga gidajen tarihi. Azahar da La'asar da Magariba kuma duk cikin kamar awa uku suke zuwa, sai mutum ya tsara inda zai yi su. Babban masallacin yana Södermalm, dab da tashar Medborgarplatsen, tsohuwar tashar lantarki ce aka mayar masallaci a 2000. A Yuni abin juyewa yake, rana ta fito wajen uku da rabi na asuba, ba ta faɗuwa sai goma na dare, sararin sama ma ba ya yin duhu sosai. Ka bi jadawalin masallacin gari don Isha'i da Asuba, ka kuma nemi ɗaki mai labule mai kauri. Sannan kada ka sa hutunka a bikin tsakiyar bazara, wanda jajibirinsa ke faɗowa ranar Juma'a tsakanin 19 da 25 ga Yuni. Mutanen gari ƙauye suke tafiya, shaguna da yawa a rufe, in ba a Skansen, gidan tarihin da ke fili a tsibirin Djurgården, za ka je kallon bikin ba.

Akwai kuma masu haɗama, kwana uku amma a jerinsu har da Oslo da Kofenhagen. Kofenhagen kaɗai tafiyar kusan awa biyar ce a jirgin ƙasa. Sitokholm na zaune a kan tsibirai 14, ni kuwa tsibiri ɗaya nake ba rabin yini. Djurgården ya cancanci yini cikakke, kuma kwale-kwalen da ke kai ka can daga Slussen yana cikin tikitin SL. Can ne gidan tarihin Vasa yake, jirgin yaƙin Sarki Gustav Adolf da ya nutse a ranar da ya fara fita a 1628, bai ma bar tashar ruwa ba, ya shekara 333 a ƙasan ruwa kafin a ɗago shi a 1961. Wanda ya ba shi minti ashirin don ɗaukar hoto ya cuci kansa. Je ka da sassafe kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su sauke mutanensu.

Gidajen tarihi da dama ba sa buɗewa ran Litinin, duba kafin ka fita. Masu cewa na gwamnati kyauta ne tsohon labari suke ba ka, tun farkon 2023 aka dawo da karɓar kuɗi daga manya. Dunƙulen naman nan da ƙasar ta shahara da shi galibi haɗin naman sa da na alade ne, sai ka tambaya; in ka ga fläsk, gris ko skinka a jikin abinci, alade ne. Abincin rana ya zama babban cin ka, don a ranakun aiki gidajen abinci na sayar da dagens lunch da sauƙi fiye da na dare. Kada ka sayi ruwan gora, na famfo mai kyau ne. Kada ka tsaya ɗaukar hoto a kan hanyar keke. A kantin magani da makamantansa nemi na'urar da ke ba da lambar layi, in ba haka ba sai ka yini a tsaye.

Mai tasowa daga gida kuma ya tuna bizar Schengen ana nemanta ne a wajen ƙasar da zai fi daɗewa a cikinta, da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, kuma ana iya shigar da takardu tun wata shida kafin tafiya. Kada ka biya tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin fasfo ya dawo hannunka.