Kurakuran matasanmu masu ilimin kwamfuta idan sun dawo gida

Tun da aka ƙaddamar da shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, na koya wa matasa miliyan uku fasahar zamani, a 2023, da wuya ka shiga wata ƙaramar hukuma a Kano ko Jigawa ba ka samu saurayi ko budurwa da suka koyi ƙirƙirarriyar basira ko tsaron intanet ba. Shugaban NITDA ma, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa da ke gudanar da shirin, wato Kashifu Inuwa, ɗan Haɗeja ne. Niyyar taimakon gida akwai ta, wajen aiwatarwa ake samun tangarɗa.

Yawancinsu da manhaja suke farawa. Yaro ya yi wata da watanni yana haɗa manhajar manoman shinkafa, alhali manomin Kura da ya yi dominsa ƙaramar waya mai madannai gare shi, cajinta ma sai ya biya a shago. Ka fara zama a majalisa ka ga abin da ke hannun mutane. Sau tari saƙon murya da Hausa a zauren WhatsApp na ƙungiyar manoma, ko gajeren saƙon tes, ya fi kai labari.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne takardun ƙungiya. Sakatare ya kawo maka littafin mambobi, sunaye da lambar waya da NIN da BVN, ya ce ka tsara musu don neman tallafin taki. Kai kuma don sauri ka ɗauki hoton shafukan ka loda wa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta ChatGPT, ka kuma tura jadawalin a zaure kowa ya gani. To ka sani, da suna da BVN da lambar waya ɗan damfara ke buga wa dattijo waya ya ce daga banki ne, ya karanto masa bayanansa tiryan-tiryan, sannan ya nemi lambobin da aka turo masa. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora alhaki a kan wanda ya tattara. Ka cire lambobin kafin ka bai wa na'ura aiki, ka sa wa fayil ɗin makulli, kada ya wuce hannun shugaba da sakatare.

Haka nan kada ka karanto wa manomi awon maganin tsutsar tumatir daga bakin na'ura kai tsaye. Takan ƙaga amsa ba ko gezau, musamman da Hausa. A duba takardar jikin kwalba, a tuntuɓi malamin gona.

Masu tsaron intanet kuma nasu rawar kai ce. Gwada kutse a shafin wata hukuma ko makaranta ba da rubutaccen izini ba laifi ne a dokar laifukan intanet ta 2015, ko da nufinka nuna musu ɓaraka. Ni a ganina ma aikin ba can yake ba. Je kasuwar Maigatari ranar Alhamis ka tsaya kusa da mai POS: za ka ga mai shanu ya miƙa kati, ya ɗaga murya ya faɗi lambar sirrinsa, wadda galibi shekarar haihuwa ce. Ka koya masa danna lambar da kansa, da sa wa layinsa makulli saboda ranar da waya za ta ɓata. Ɗan kasuwa kuma ya daina sakin kaya don an nuna masa alat, sai ya ga kuɗin sun shiga asusunsa tukuna.