Yadda Ake Yaye Yaro Ba Tare Da Ya Rame Ba

'Yar farina da sassafe aka ɗauke ta. Ranar Juma'a ce, tana barci aka saɓa ta a kafaɗa aka tafi da ita Rigasa wurin kakarta, ni kuma aka bar ni a Tudun Wada da nono ya cika kamar dutse. Ban ce komai ba, don kunyar 'yar fari ba ta barin mutum ya nuna damuwa. Bayan sati biyu aka dawo mini da ita wuya ya fito, ga gudawa, ga shi ko kallona ba ta son yi. Hajiya, kakar tata, ba ta yi sakaci ba, ta yi iya ƙoƙarinta. Matsalar ita ce yarinyar ba ta iya cin abinci ba kafin a raba ta da abin da ta sani.

Sauran ukun ban yaye su haka ba. Kowanne sai da na ba shi kamar sati shida, kuma babu wanda ya rame a cikinsu. Ga yadda nake yi.

Fara da zaɓen lokaci

Alƙur'ani a Suratul Baƙara, aya ta 233, ya ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa, kuma ayar ta ce idan za a yaye kafin nan a yi shi da yarda da shawara tsakanin uwa da uba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma shawararta ke nan: nono zalla wata 6, sannan abinci tare da nono har shekara 2 ko fiye. Ko a shekara ta biyu nono yana ba yaro kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da jikinsa ke buƙata. Wato ranar da kika cire shi kin buɗe rami, kuma dole tukunyarki ta cike shi.

Kada ki fara yaye yaro yana zazzaɓi, ko yana gudawa, ko bai jima da tashi daga ciwo ba. Kada ki haɗa shi da tashin gida ko zuwan baƙi masu kwana. Ni dai ina guje wa watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Kaduna ke hana babba ma barci, ga ƙyanda tana yawo a unguwa, yaro kuma ba ya son komai sai ruwa. Na fi son bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Janairu: hatsi sabo ne, farashinsa ya ɗan sauko, kuma sanyi yana sa yara cin abinci. Ki duba katin rigakafi kafin ki fara. Allurar ƙyanda ta wata 9 da ta wata 15 su kasance an yi su. Ki kai shi awo a rubuta nauyinsa, don shi ne ma'aunin da za ki dawo gare shi daga baya.

Sai maganar kwanika. Da yawa daga cikinmu da zarar mun ga ciki ya shiga sai mu yanke nono a ranar, wai kada yaro ya sha ciki. Nonon mai ciki ba guba ba ne. Abin da ke kwantar da waɗannan yaran shi ne yanke musu nono farat ɗaya tun ba su iya cin abinci ba, sai a ga sun rame a ce ai ga shi nan, ya sha ciki. Idan cikin lafiyayye ne kina da lokacin yin yaye a hankali. Idan kuwa kina zubar jini ko kin taɓa ɓari, ki faɗa wa ma'aikaciyar awo ta ba ki shawara.

Garin kunu, tun kafin ki rage masa nono ko sau ɗaya

A nan aikin yake, a nan kuma aka fi yin kuskure. Kokon da muke damawa tsararo, wanda yake zuba daga ludayi kamar ruwa, yana cika cikin yaro ne kawai. Cikin ɗan shekara ɗaya da rabi bai wuce ya ɗauki kofi guda a zama ɗaya ba. Idan rabin kofin ruwa ne, ya ƙoshi amma bai ci komai ba.

Awon da nake bi shi ne shida, uku, ɗaya. Gwangwani 6 na hatsi, ko gero zalla ko ki haɗa da dawa da masara. Gwangwani 3 na waken soya. Gwangwani 1 na gyaɗa. Duk za ki same su a Kasuwar Bacci ko Kasuwar Sheikh Gumi, in kuma kina ɓangaren Kawo ki jira ranar Talata. Hatsi da wake suna cike wa juna gurbi: abin da ya yi ƙaranci a gero yana cikin waken, gyaɗar kuma tana kawo mai.

Gyaɗa ki zauna ki tsince ta da hannunki. Duk wadda ta yi baƙi, ta yamutse, ko take warin fumfuna, ki zubar. Fumfunar gyaɗa da masara tana ɗauke da gubar da ke cutar da hanta, kuma suya ba ta kashe ta. Kada ki ce asara ce, kaji ma bai kamata a ba su ba.

Waken soya shi ne mai wahala. Ki jiƙa shi ya kwana, da safe ki murje shi cikin ruwa ɓawon ya taso ki tsiyaye, ki yi ta sake ruwa har ya fita. Ki shanya shi a rana ya bushe ƙarau, a kan tabarma ko tire, ki rufe da siririn mayafi saboda ƙura da ƙuda. Sannan ki soya shi a busasshiyar tukunya, wuta kaɗan, kina juyawa har ya yi ruwan ƙasa ya daina warin ɗanye. Idan bai soyu ba zai kumbura wa yaro ciki, kuma ba zai yarda ya sha kunun karo na biyu ba. Hatsin ki wanke, ki rege tsakuwa, ki shanya, ki ɗan soya sama-sama. Gyaɗa ki soya ki murje ɓawon. Kowanne daban ake soya shi, don ba lokaci guda suke nuna ba.

A wurin niƙa ki tsaya a kansa. Ki roƙi mai inji ya kakkaɓe, ko ki bari a fara niƙa masarar wani kafin naki, kada garin yaro ya fito da yajin barkono. Da kin dawo ki baza shi ya huce, ki tankaɗe, ki zuba a roba mai murfi. Ba na yin wanda zai wuce sati uku, saboda man gyaɗar yana sa shi ya canja wari.

Wajen damawa, ki kwaɓa garin da ruwan sanyi, ki zuba a tafasasshen ruwa, ki bar shi a wuta yana dahuwa kamar minti 10 kina juyawa. Ba irin koko ba ne da ake sheƙa wa ruwan zafi a sauke. Gwajin kaurinsa: ki ɗebo a cokali ki karkata. Idan ya tsaya yana saukowa a hankali, ya yi. Idan ya zube, ƙara gari. Ki sa ɗan cokalin man ja ko man gyaɗa, da madara idan akwai. Sukari kaɗan, ko ki jiƙa dabino ki murje a ciki. Zuma kuwa ba a ba yaron da bai cika shekara ba.

Ki dama daidai wanda zai shanye. Da wutar da muke gani rabi da rabi, firij ba abin dogaro ba ne, kunun da ya yi awa biyu a ajiye kuma ba na yaro ba ne, ki ba yayyensa ko ki sha da kanki.

Kunu kaɗai ba ya riƙe yaro

Ɗan shekara ɗaya zuwa biyu yana buƙatar abinci sau 3 zuwa 4 a rana, da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu a tsakani. Idan ya bar nono, ki ƙara masa cin abinci ɗaya da kofin madara ko kindirmo mai tsafta. Ba sai kin dafa masa na musamman ba. Tuwo da miyar kuka ko kuɓewa, ki ɗebi nasa kafin ki zuba yaji. Faten wake da alayyafo, faten tsaki da zogale, alale, dafaffen ƙwai, dankalin Hausa da aka murƙushe da man ja, kabewa, gwanda, ayaba. Kifi ki cire ƙaya ki marmasa masa. Hanta ko sau ɗaya a sati tana maganin ƙarancin jini. Masu cewa ƙwai yana sa yaro sata, ban san ɓarawon da aka kama da wannan dalilin ba.

Abu guda da na koya da wahala: ki ba shi kwanonsa shi kaɗai. Idan ya sa hannu a tire ɗaya da yayyensa, kafin ya kai loma biyu baki sun share, ke kuma kina ganin tire wayam ki ce kowa ya ƙoshi. Ki zauna kusa da shi, ki wanke hannunki da nasa da sabulu, ki bar shi ya yi ɓarinsa. Ɗure kuwa ki bar shi kwata-kwata. Toshe wa yaro hanci a ɗura masa kunu yana iya tura shi cikin huhu.

Yanzu ki fara janye nonon

Sai kin ga yana cin abinci da kyau na sati biyu sannan ki taɓa nono. Ki fara da na rana, wanda ya fi sauƙin mantawa, galibi na hantsi. Lokacin da ya saba nema, ki riga shi da abinci, ko ki sa yayarsa ta fita da shi tsakar gida. Kada ki miƙa masa da kanki, kuma ki daina zama a wurin da kuka saba zama, don yaro yana haɗa tabarmar nan da nono. Ki sa riga mai rufaffen wuya. Bayan kwana huɗu ko biyar ki janye na la'asar, haka har ya rage na kwanciya barci da na tsakar dare.

Na dare shi ne yaƙin. Ki ciyar da shi sosai bayan magariba, ki ajiye ruwa a kofi kusa da shimfiɗa. Idan ya farka, ruwa da goyo da jijjiga. A nan ne maigida zai yi amfani: dare uku ya karɓe shi ya zaga da shi, don a hannunki yana jin ƙanshin nono ba zai haƙura ba. Baban yarana da farko cewa ya yi shi bai iya rarrashi ba. Na ce masa, “Abban yara, ni ma ba da shi aka haife ni ba.” Daren farko an sha kuka har maƙwabciya ta leƙo ta katanga. Dare na huɗu sai da asuba ya motsa.

Shafa maɗaci, barkono ko man zafi a kan nono, ban yarda da shi ba. Barkono yana ƙona bakin yaro da idonsa, man zafi kuma ba abin haɗiya ba ne. Ɗan wata 20 yana jin magana fiye da yadda muke zato. Ki ce masa nono ya ƙare, ga kofinka, ki maimaita kullum da murya ɗaya.

Idan kaka ta ce a kawo mata shi

Za ta ce, kuma haƙƙinta ne a al'ada, ba kuma abin faɗa ba ne. Ni abin da na yi a na biyu shi ne na je har gida na durƙusa na ce, “Hajiya, so nake ya saba da kunu tukuna, kada ya zo ya hana ki barci. In ya kwana biyu da barin nono zan kawo miki shi da kaina.” Ta yi dariya ta ce 'ya'yan zamani. Da na kai shi, na tafi da robar garinsa da kofinsa da zanen da yake barci da shi, na nuna wa ƙanwar mijina kaurin da nake damawa. Ya yi kwana biyar ya dawo da sabuwar riga da kaza.

Ke kuma fa

Idan kin janye a hankali, nonon zai ragu da kansa. In ya cika yana ciwo, ki tatse kaɗan, daidai yadda zai saki, kada ki tatse duka don jiki zai ɗauka ana nema ya ƙara kawowa. Ki ɗora tsumma mai sanyi, kada ki ɗaure ƙirji tamau da zane. Idan wuri guda ya yi ja ya taurare, ga zazzaɓi da rawar sanyi, asibiti za ki je a ranar. Kuma ki tuna ciki yana iya shiga tun kafin yaye, balle bayansa. Idan kuna son tazara, ku yi maganar da maigida tun yanzu.

Abin da za ki sa wa ido a wata na farko

Gudawa ita ce ta fi kama yaran da aka yaye, saboda yanzu komai daga kofi da kwano yake shiga. Ki ajiye ledar ORS, wato garin gishiri da sukari na gudawa, da ƙwayar zinc a gida tun kafin ki buƙace su. ORS ki haɗa da adadin ruwan da aka rubuta a jikin ledar, ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan bayan kowace fita, zinc kuma ƙwaya ɗaya kullum har kwana 10 ko da gudawar ta tsaya. Kada ki daina ba shi abinci. Idan ido ya faɗa, ko ya ƙi shan komai, ko yana amayar da duk abin da ya shiga, ko akwai jini a kashin, ko jikinsa ya saki, kada ki jira gari ya waye. Kuma kada a ce miki haƙori ne.

Bayan sati huɗu ki mayar da shi awo a asibitin unguwarku, a gwada da nauyin da aka rubuta kafin ki fara. Ki roƙi su auna damtsensa da tef ɗin nan mai launi uku: kore lafiya, rawaya yana neman ƙarin abinci, ja kuwa, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai buƙatar magani. Ki danna bayan ƙafarsa da yatsa ki gani. Idan wurin ya lotsa bai taso ba, kumburi ne ba ƙiba ba, ki nuna musu. Tunda kin je, ki tambayi ɗigon bitamin A da ake ba yara duk wata 6, da maganin tsutsar ciki, a rubuta miki a kati.